Tambaya da Amsa: Jitar Gwanjo a Cinya, Sabon Harshe a Baka

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu biyu da matasa da yawa suka ɗauka lokaci guda: koyon harshen waje da koyon kaɗa jitar lantarki ta gwanjo. Masu amsawa su biyu ne, mai gyaran kayan kiɗa da malamin harsuna, kuma tare suka duba kowace wasiƙa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, ina koyon Faransanci saboda kasuwancin da gidanmu ke yi tsakanin Katsina da Maraɗi. Na daɗe ina sha'awar jita, yanzu kuma an yi mini tayin wata ta hannu. Me zan duba kafin in biya? Daga wani ɗalibi, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada fenti ya ɗauke maka hankali. Ƙarce da ɓarewar fenti ba sa taɓa murya, hasali ma dalili ne na neman ragi. Ran jita yana wuyanta, don haka daga nan za ka fara.

Ɗaga ta ka kai kanta kusa da idonka, ka leƙa tsawon wuyan zuwa gangar jiki kamar mai duba miƙewar katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba ba laifi ba ne, ana gyara shi. Amma in ka ga gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, wato wuyan ya murɗe, ka ajiye ta ko nawa aka sa mata. Juya bayan kai ka duba inda ya haɗu da wuya, nan ne jita ke tsagewa idan ta faɗi, musamman masu ƙirar Gibson da Epiphone da kansu ya karkata baya. Masu ƙirar Fender, irin su Squier da Yamaha Pacifica, an ɗaure wuyansu da kusoshi huɗu ne, ana iya cire shi a sa wani, shi ya sa suka fi dacewa da mai sayen gwanjo.

A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa ko a sassauta da alanki. Ka nemi mai ita ya ɗan juya ta a gabanka. In ta cije, ko bakin notin ya cinye, duk gyaran da za mu faɗa a ƙasa ba zai yiwu ba.

Sai ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuya, waɗanda makaɗa ke kira firet. Janye tsirkiya gefe ka duba biyar na farko, inda hannu ya fi zama. Rami mai zurfi a kansu yana nufin aikin gyara mai tsada. Daga nan ka danna kowace tsirkiya a kowane firet, shida sau 21 ko 22. Zai ci maka minti biyar, mai kaya zai ƙosa, kai dai ka gama. Wurin da sauti ya shaƙe ko ya mutu, firet ne ya ɗago ko ya lotsa.

Kada ka saya ba a jona ta da amfilifaya ba. Waɗannan sandunan maganaɗisu da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, wato fikof, su ne kunnen jitar. Ka ɗan ƙwanƙwasa kowane da kan sukundireba kana sauya makunnin zaɓen fikof, kowane ya amsa a wurinsa. In da mitar masu gyaran rediyo a kusa, jona waya, buɗe murya duka, ka auna tsakanin tsinin filogin da jikinsa. Fikof siriri yakan nuna om dubu 5 zuwa 7, mai tagwayen naɗi kuma dubu 7 zuwa 16. In mita ta ƙi nuna komai, naɗin ya tsinke. Ƙaraf-ƙaraf lokacin murɗa murya yawanci ƙura ce, feshin wanke kayan lantarki yana maganinta. Soket mai girgiɗi ma ƙaramin aiki ne.

Abu biyu ne za mu hana mai koyo. Na farko jita mai jaki (wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gangar jiki) mai lilo da makulli a wuya, irin ta Floyd Rose: tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar sun fita saiti, sauya su kuma aikin yini ne ga wanda bai saba ba. Na biyu biyan kuɗin suna. Jabun Gibson da Fender sun cika kasuwa. Yamaha ko Ibanez ta gaskiya mai araha ta fi jabun babban suna nesa ba kusa ba. Kuma ka ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka don sababbin tsirkiyoyi, waya mai kyau da ladan mai saiti.

TAMBAYA: Na sayi jitar wata biyu da suka wuce. Yatsuna suna ciwo ƙwarai, kuma ko na saita ta da manhaja, da na hau can sama sai sautin ya baude. Yanzu da hunturu ya shigo, gefen wuyan har yankar hannu yake. Ni ne ban iya ba, ko ita ce? Daga wani mai koyo, Kano.

AMSA: Malam, yawancin wannan laifin jitar ne, kuma duk yana gyaruwa. Sharaɗin shi ne ka bi aikin a jere, domin kowane mataki yana canza na bayansa.

Fara da sababbin tsirkiyoyi. Waɗanda suka zo da jitar gwanjo wataƙila sun shekara biyar a kai, tsohuwar tsirkiya kuwa ba ta riƙe saiti. Sayi saitin 9 zuwa 42, shi ne mai laushi. 10 zuwa 46 ya fi cika murya amma ya fi tauri. Ka tabbata na jitar lantarki ne. Na roba maganaɗisu ba ya jin su sam, na tagulla kuma da ƙyar yake ji. Naɗi biyu zuwa uku a kan maɗaurin tsirkiya da ke kan jita ya isa ga masu kauri, huɗu ko biyar ga sirara. In ka ɗaura, ka ja kowace sama a hankali ka sake saitawa, har sai ta daina sauka.

Na biyu lanƙwasar wuya. Danna tsirkiya mafi kauri a firet na ɗaya da kuma na ƙarshe lokaci guda, wani ya taya ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na takwas. Abin da ake so kamar rubu'in milimita ne, kusan kaurin tsirkiya mafi siranta, don haka guntunta da ka yanke ya zama ma'auninka. In tazarar ta yi yawa, ɗaure sandar ciki, wato juyi zuwa dama. In babu tazara ko kaɗan kuma firet na farko-farko suna zuza, sassauta zuwa hagu. Kada ka wuce rubu'in juyi a zama ɗaya. Ka sake saita murya, ka bar ta ta kwana, sannan ka sake aunawa. In ta cije kada ka sa ƙarfi, sandar nan in ta karye an yi asarar wuya.

Na uku tsayin tsirkiya, wanda shi ne tushen ciwon yatsunka. A firet na 12, siririyar ta yi kamar milimita 1.6 daga saman ƙarfen, mai kaurin kuma kamar milimita 2. Katin cirar kuɗi biyu a haɗe sun kai milimita ɗaya da rabi, sun ishe ka awo. Ana saukewa ne da ƙananan kusoshin da ke kan jaki, inda tsirkiyoyi suka hau kamar dai a garaya.

Na huɗu shi ne baudewar da ka ambata. Saita tsirkiya a sake, sannan ka danna ta a firet na 12, ya kamata manhaja ta nuna suna ɗaya daidai. In ta haura, ja ɗan sirdin da wannan tsirkiyar ta hau a kan jaki baya, nesa da wuya. In ta gaza, tura shi gaba. Kowace tsirkiya da nata. Ka kuma kula da hannunka: mai koyo yakan danna da ƙarfin da ya wuce kima, wannan kaɗai yana ɗaga sauti. Sa yatsa dab da bayan firet, ka rage ƙarfi har sautin ya fara zuza, sannan ka ƙara ɗan kaɗan. Iyakar abin da ake buƙata ke nan.

Yankar hannu kuwa aikin hunturu ne. Katakon jita yana son laimar iska ta kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, a Kano kuwa takan faɗi ƙasa da 20 a wannan lokaci. Katako ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba, sai bakin firet ya fito. Ka samu gidan sabulu mai huji, ka sa soso da aka jiƙa aka matse sosai, ka ajiye a cikin jakar jitar ka zuge, kana sake jiƙawa bayan kwana biyu ko uku. In bai koma ba, mai gyara ya goge bakin da ƙaramin fayil. Kada ka shafa wa katakon man gyaɗa, yana yin ɗoyi ya kama ƙura. Kada kuma ka bar ta cikin mota da rana.

Saman yatsu zai yi zafi sati biyu zuwa huɗu kafin kanta ta fito, wannan dole ne. Ciwon wuyan hannu ko na gaɓa dabam ne, in ka ji shi ka tsaya ka gyara riƙo.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce. Wanda ya fara koya mini jita da do, ré, mi ya koya mini. Yanzu ina koyon Ingilishi, na koma kallon darussan jita da shi don in jefi tsuntsu biyu, sai na ga haruffa suke kira. Wani makaɗi daga Najeriya kuma ya ce mini do yana canza wuri. Na rikice. Daga wata malama, Damagaram.

AMSA: Malama, rikicin ba daga gare ki yake ba, tsari uku ne suka haɗu a kanki. Ga na farko da na biyu, ki rubuta ki manna a bangon ɗaki: C shi ne do, D ré, E mi, F fa, G sol, A la, B si. Tsirkiyoyin jita daga mai kauri zuwa siririya, wanda mai Ingilishi zai ce E, A, D, G, B, E, su ne mi, la, ré, sol, si, mi da kika sani. Ƙaramin m a gaban harafi shi ne mineur, don haka Am ita ce la mineur, Em kuma mi mineur. Dièse shi suke kira shaf, bémol kuma filat. Manhajar saiti da yawa tana da wurin sauya sunayen daga wannan tsari zuwa wancan. Ki bar ta a haruffa wata guda, ido zai saba. Lambar 440 da ke jikinta kada ki taɓa ta, ita ce ma'aunin la da duniya ta yarda da shi.

Makaɗin nan ma gaskiya ya faɗa, a tsarinsu. A makarantu da coci-cocin Najeriya da Gana an gaji hanyar Ingila, inda do yake nufin sautin farko na duk matakin da waƙa take kai. Waƙar da ke kan G, to G ne do ɗinsu. A Faransa da Italiya da Sifen da ƙasashen Larabawa kuwa do a kafe yake, C ne kullum. In za ki yi kiɗa da irinsa, ki fara tambayar sa harafin da waƙar take kai, shi ke nan gardama ta ƙare. In wata rana littafin Jamusanci ya shigo hannunki, su H suke rubuta wa si, B kuma a wurinsu si bémol ce.

Dabararki ta kallon darasi da harshen da kike koyo tana da kyau, domin ido yana ganin abin da baki ke faɗa, kuma kalmomin kaɗan ne suke ta maimaituwa. Masu bin hanyar da ta saɓa da taki, wato daga Ingilishi zuwa Faransanci, ga nasu guzurin: corde tsirkiya, manche wuya, chevalet jaki, médiator ɗan tsinken robar da ake kaɗawa da shi, case filin da ke tsakanin firet biyu, gamme tsanin sauti. Su kula da guda biyu masu ruɗi. Accord haɗin sautuka ne, accorder kuma saita jita. Micro yana nufin makirufo, amma a bakin makaɗin jita fikof ne. Iyakar wannan hanya ita ce kalmomin sana'a take bayarwa. Ba za ta koya miki cinikin kasuwa ko rubuta wasiƙa ba, dole littafi ya riƙe nasa wurin.

TAMBAYA: Awa ɗaya kacal nake samu a rana bayan aiki. Yayana ya ce in zaɓi ɗaya, Faransanci ko jita, wai taura biyu ba ta taunuwa. Shin ɗaya yana ɓata ɗaya? Daga wani tela, Zariya.

AMSA: Maganar yayanka tana da gaskiya ga wanda ya ɗauki harsuna biyu masu kama da juna, kamar Faransanci da Sifaniyanci, kalmominsu sukan cakuɗe. Harshe da jita ba sa cin gonar juna. Abin da suke takara a kai lokaci ne da natsuwa kawai. Awa ɗaya ta isa, in dai kullum ce. Minti 30 a kowace rana ya fi awa uku da rabi ranar Lahadi, domin yatsu da ƙwaƙwalwa duka a cikin barci suke kafe abin da aka koya.

Raba awar biyu, kada ka haɗa su a zama ɗaya a watanni ukun farko. Harshe da safe bayan asuba, jita da yamma ko bayan isha'i.

A rabin awar harshe, minti goma na farko bita ne. Kalma takwas zuwa goma sababbi a rana sun isa, kowace a kan ɗan kati, Faransanci a gaba, Hausa a baya, tare da gajeriyar jimla. Ka sake duba kati washegari, sai bayan kwana 3, sai 7, sai 14, sai 30. Wanda ka manta ya koma farkon layi. Manhajar Anki wannan lissafin take yi, amma kwalin ashana biyar ma suna yi. Kada ka taɓa rubuta suna ba tare da le ko la ba. Hausa tana da jinsi, wannan taimako ne, amma ba ya faɗuwa daidai: rana mace ce a wurinmu, le soleil namiji ne, wata namiji ne, la lune mace ce. Mai koyon Larabci ya huta a nan, shamsu mace, ƙamaru namiji, kamar namu.

Minti goma na biyu saurare ne da maimaitawa da murya a fili. Ɗauki magana ta daƙiƙa 30, ka saurara, ka tsayar, ka faɗa, ka naɗi muryarka a waya ka kwatanta. Bahaushe yana da wurare sanannu da yake tuntuɓe. Harafin f namu da leɓɓa biyu ake yin sa, shi ya sa p da f da v suke zame mana abu ɗaya. Tsaya gaban madubi da kalmomi uku: pain burodi, faim yunwa, vingt ashirin. A ta farko leɓɓa su rufe ruf su buɗe. A ta biyu haƙoran sama su hau leɓen ƙasa. Ta uku kamar ta biyu ce, sai dai maƙogwaro yana rawa, sa yatsa a wuya ka ji. Wasalin u na Faransanci kuma, ka ce i, ka bar harshe a wurin, ka tattara leɓɓa kamar mai fito. In ba haka ba dessus da dessous, sama da ƙasa, za su fito iri ɗaya. Goman ƙarshe darasin littafi ne. Sauran sauraro kuwa kyauta ne a wurinka, keken ɗinki ba ya hana kunne aiki.

A rabin awar jita: minti biyu saiti, kullum, ba fashi, domin kunnen da ya saba da jita mara saiti ya koyi ƙarya. Minti biyar motsa yatsu, firet ɗaya zuwa huɗu a kowace tsirkiya, da manhajar bugun lokaci a kan 60. Minti goma sauya haɗi. Fara da Em, yatsu biyu a firet na biyu na tsirkiya ta 5 da ta 4 (daga siririya ake fara ƙirga, ita ce ta 1, mai kauri ta 6), da kuma Am, firet na ɗaya a ta 2, na biyu a ta 4 da ta 3. Ka ƙirga sau nawa ka sauya a minti ɗaya ka rubuta. In ka kai 30 da tsabta, ƙara C, G da D. Sauran lokacin na tsani mai sauti biyar ne, la, do, ré, mi, sol, a firet na biyar: 5 da 8 a tsirkiya ta 6, 5 da 7 a ta 5 da ta 4 da ta 3, 5 da 8 a ta 2 da ta 1. Za ka ji kamar ka san shi tun tuni, domin yawancin kiɗan ƙasar nan a kan irinsa yake tafiya.

Rabin awa kullum ya kai kamar awa 180 a shekara. Malaman Faransanci sukan ƙiyasta awa 150 zuwa 200 don kai matakin A2, wanda ya isa gaisuwa, ciniki da tambayar hanya. B1 yana neman ninkin haka. In kana son takardar shaida, jarrabawar DELF ce ke auna waɗannan matakai, kuma cibiyoyin Alliance Française ne ke shirya ta.

TAMBAYA: An kawo mini amfilifaya daga Amurka, na jona sai ya yi ƙara da hayaƙi. Na aro wani, shi kuma gurnani yake yi, wani lokaci ina jin ɗan tsikari a tsirkiya. Daga wani mai karatu, Jos.

AMSA: Mu fara da tsikarin, domin shi ne mai kisa. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya. In kana jin wuta, ko dai soket ɗin ɗakin ba shi da wayar ƙasa, ko an karya ƙafa ta uku ta filogi, ko amfilifayan yana yoyo. Cire shi yau, kada ka sake jonawa sai mai aikin lantarki ya auna. Kada ka kaɗa ba takalmi a kan siminti mai laima, kada kuma ka riƙe tsirkiya ka kai leɓe kan makirufo da ke jone a wata na'urar dabam.

Na farkon ƙarfin wuta ne ya ƙone shi. Amurka bolt 120 take amfani da shi, Japan 100, mu kuwa 220 zuwa 230. Kan filogi mai sauya siffa ba ya rage wuta. Ana buƙatar taransifoma mai saukewa, wadda ƙarfinta ya ninka wat ɗin da aka rubuta a bayan amfilifayan kusa da wayar wuta. In ka yi sa'a fis ne kawai ya tafi. Kada ka buɗe da kanka, musamman mai kwalabe a ciki, yana riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an cire shi.

Gurnani kuwa a bi shi da gwaji. In ya ragu da ka taɓa tsirkiya, haka fikof siriri yake, sa makunnin zaɓen fikof a matsayi na 2 ko na 4, ka matsa daga fanka, cajar waya da dogon ƙwan lantarki. In bai canza ba, wayar da ke haɗa jaki da ƙasa ta tsinke a ciki. In ya ƙaru, an juya wayoyin soket wajen liƙi da dalma. Janareto da inbata mai araha su ma suna kawo nasu. Wayar jita ta zama mai garkuwa a ciki, mita uku ta isa. Ga mai koyo a ɗaki, wat 10 zuwa 20 ya wadatar, ƙaramin mai batir da ake sa wa abin kunne kuma ya raba ka da ɗaukewar wuta da ƙorafin maƙwabta gaba ɗaya.

TAMBAYA: An ce waƙa ce hanya mafi sauri ta koyon harshe. Ina koyon Larabci, ina kuma son kiɗan jitar Agadas. Zan iya ajiye littafi in riƙe waƙa? Daga wata ɗaliba, Kumasi.

AMSA: 'Yar'uwa, kada ki ajiye littafi. Waƙa tana kafe kalma a ƙwaƙwalwa, tana saba wa baki da furuci, amma mawaƙi karin sauti yake bauta wa, ba nahawu ba. Bafaranshe in yana waƙa yakan furta wasalin e na ƙarshen kalma wanda ba ya furtawa a magana. Waƙoƙin Sinanci na zamani sukan watsar da karin nan huɗu da ke bambanta ma'anar kalmomi. Ke da kanki kin san muhimmancin wannan: wuyan jita da wuyar aiki, in aka cire ɗafi, murya ce kaɗai ke raba wuya da wuya. Wannan kunnen da Hausa ta ba ki jari ne babba, a harshe da kiɗa duka.

A Larabci matsalar ta karin harshe ce. Littafinki fusha yake koyarwa, yawancin waƙoƙi kuwa da harshen gari ake yin su. Bamisire yana mayar da jimun ga, yana haɗiye ƙaf ta zama hamza; Basudane yana mayar da ƙaf ga. In ba ki san wanne kike ji ba, za ki kai furucin titi cikin aji. Ki tambayi malaminki asalin kowace waƙa kafin ki haddace ta.

Jitar ma tana da iyaka a nan. Firet yana raba sauti rabi-rabi ne, wasu maƙaman Larabawa kuwa, wato tsanukan sautinsu, kamar Rast da Bayati, suna da sautin da ya faɗa tsakanin firet biyu. Ana samun sa da ɗan tura tsirkiya gefe, amma ba aikin shekarar farko ba ne. Nahawand, Ajam, Kurd da Hijaz suna zama a kan jita ba wahala. Kiɗan Sudan ya fi duka sauƙi, domin a kan tsani mai sauti biyar yake.

Kiɗan Agadas kuwa, irin na Bombino da Mdou Moctar, da na Tinariwen daga arewacin Mali, yawancinsa da Tamashek ake rera shi, harshen Buzaye, wanda dangin Hausa ne da Larabci na nesa amma ba ya buɗuwa da ɗayansu. Salon kaɗawar kam ya dace da mai koyo. Babban yatsa yana ta bugun tsirkiya mai kauri a sake, ɗan ali yana fitar da waƙar a kan sirara, hannun hagu yana yawan doka yatsa a kan firet da fizge shi ba tare da an sake kaɗawa ba. Sau da yawa haɗi ɗaya ko biyu ne waƙa gaba ɗaya. Wuyarsa a lokaci take, don haka ki fara da tafi, ki kama bugun da hannu kafin ki ɗauki jita.

In za ki haɗa baki da hannu, ki jira har hannun dama ya iya tafiya kina hira. Sannan ki ɗauki baiti ɗaya kawai. Samo rubutunsa, ki fassara kalma-kalma. Karanta shi kamar magana sau goma. Rera shi ba jita. Kaɗa haɗin kina guɗa da hanci ba kalmomi. Sai ki haɗa, bugu ɗaya zuwa ƙasa a farkon kowane zagaye, ba ado. YouTube yana da wurin rage gudu zuwa 0.75 ba tare da murya ta sauka ba. A ƙarshe ki ciro jimla biyu daga baitin ki sauya musu suna ko lokaci, ki kai wa malaminki ya gaya miki ko mutum zai faɗe su haka a magana.

TAMBAYA: Ɗana bahago ne, jitar gwanjon da muka samu kuma ta masu dama ce. A juya tsirkiyoyin? Daga wani uba, Garwa.

AMSA: Baba, a ba shi sati biyu ya gwada ta yadda take, bahagwai da yawa suna kaɗawa haka, kuma zai samu sauƙin aro da saye nan gaba. In bayan haka hannunsa na hagu ne dai ke neman riƙe bugu, a juya masa, Mdou Moctar ma da hagu yake kaɗawa. Sai dai sauya tsirkiyoyi kaɗai bai isa ba. Ɗan ƙashin da ke saman wuya an yanka ramukansa daidai da kaurin kowace tsirkiya, dole a sa sabo na hagu, a sake saita sirdunan jaki ɗaya bayan ɗaya, a kuma mayar da maɓallin rataya zuwa ɗaya ƙahon. Maɓallan murya za su koma ƙarƙashin damtsensa, don haka a nuna masa ya riƙa duba su kafin ya fara.